Mota Mai Katifa a Baya

A harabar ofishin duba motoci na garin Lodhran, ƙafafun wani dattijo ake fara gani, sun leƙo ta ƙofar wata mota ƙirar hannu: rufin kwano, fitilun babur, a baya kuma ba kujera sai katifa. Kansa na ƙarƙashin sitiyari, gumi na bin furfurar gemunsa. Mai dubawa ya ce muddin wayoyi na reto ba zai buga hatimi ba, in babu hatimi kuwa 'yan sanda ba sa bari a haye gadar kogin Sutlej zuwa babban asibiti. Tirela ta tare shi ta gaba, bas ta baya, ko ya so tafiya ba hanya.

Tattara wayoyin yake, yana ɗaure su da siririyar robar ƙarin ruwa, a hankali, kamar mai gudun fama ciwo.

Direban bas ya leƙo yana dariya. "Kawu, motar ma ƙarin ruwa ake mata?"

Bai ɗago ba. "Robar ce ba ta yanke mana a gida, ɗana. Riƙe min nan."

Direban ya dubi katifar, da mayafin mace a ninke kan matashi. Ya durƙusa ya riƙe.