Shirun Baba Altine

Ina ofis a Tambuwal, ina shirin fita sallar Azahar, wayar Hajo ta shigo daga Kebbe. "Yaya Bello, Baba ya cika." Kafin babur ya fitar da ni daga ramukan hanyar nan, har an kai mahaifinta, Baba Altine, makwancinsa.

Ƙuruciyarsa duk a Kaduna ta ƙare, yana ɗaukar wa manya jakar sanduna a filin golf, wasan da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Da ƙarfi ya tafi, ya dawo gida da sanda guda. Lokacin da nake aiki a Kebbe na tarar da shi a bayan gari yana dukan ƙodagon goriba da sandar, kowanne yana faɗawa gindin tsamiya ɗaya. Na roƙe shi ya koya mini.

Nawa dukan kuwa, yau gabas, gobe yamma. Sai da ya kwana uku yana kallona sannan ya ce, "Laifin ba na hannunka na ba, Bello, gaisuwa ta." Filin a bakin hanyar gona yake. Duk wanda ya gifta sai ya ce sannunku, ni kuma in ɗago kai in amsa, sanda tana tsakiyar tafiya. Ya ce, "Idonka bisa ƙodago har sanda ta wuce, kana ka amsa. Gaisuwa tana jira, sanda ba ta jira." Tsayuwa ɗaya, riƙo ɗaya, kullum. "Duka guda nika so, amma sau dubu." A haka hannuna ya zauna.

Wannan ne abin da gari ya ƙi yafe masa. In an gaishe shi yana tsakiyar duka, yakan yi shiru na numfashi biyu, sannan ya juyo ya amsa, har ya tambayi iyali da shanu. Ba wanda ya riƙe amsar, shirun aka riƙe. Aka ce zama da manya ya sa masa girman kai, shi da ya tsufa yana bin bayan mutane da kayansu a kafaɗa.

A zaman makoki, wani dattijo da nake jin nauyinsa ya shafa addu'a, ya ƙara da cewa, "Allah shi gafarta mishi girman kai." Hajo tana bayan zana, tana ji. Ni kaɗai a zauren na san dalilin shirun, amma na ce amin tare da kowa. Har yau ina jin haushin kaina.

Allah ya jiƙan Baba Altine, ya haskaka kabarinsa, ya sa can ta fi masa nan. Allah ya ba Hajo da ƙannenta haƙurin rashinsa da haƙurin zama da mu. Hajo, mahaifinki ba shi da girman kai. Ranar da ya kamata in faɗa ban faɗa ba, ki yafe mini.