Na Yaye Lami Sau Biyu

Ranar Laraba ce, shekarar da naira ta shigo. Da hantsi ina tsinkar auduga a bayan ƙauyenmu, yamma da Dandume. 'Yata Lami na zaune a kan buhu tana cin rogo. Wata biyu ke nan da na yaye ta, saboda ciki ya shiga.

Kukan shanu na fara ji, sai bindiga sau biyu. Kafin in miƙe, mutum huɗu sun ɓullo ta cikin dawa, suna kora shanun noman ƙauyenmu.

"Ɗauki yarinyar! Wuce gaba!"

Muka yi ta tafiya har magariba. A tsakiyar daji suka ajiye ni in riƙa yi musu tuwo. Ƙanzon tukunya ne rabonmu. Lami ta ƙi ci. Kwana biyu tana kuka har muryarta ta dushe. Rana ta uku babbansu, wani mai tabo a goshi, ya ɗora mata adda a wuya.

"In ta ƙara, ni zan rufe mata baki!"

Kowace mace ta san yaron da aka yaye ba ya komawa nono, balle nonon mai ciki. In ya sha ciki, sai zawo, sai rama, sai kabari. Haka muka tashi muna ji. Na sani sarai, amma na kwance zani na ba ta. Ɗan ruwa-ruwa ne, bai taka kara ya karya ba, ta dai yi shiru. Kullum sai na ba ta. Ban san ko cetonta nake yi ko kashe ta ba.

Kwana goma sha tara muka yi. Rana ta ashirin da azahar aka aike ni rafi. Mai tsarona ya zauna gyangyaɗi a gindin kanya. Na ajiye tulu a hankali, na juyo da Lami gaba, na sa mata nono a baki, na bi ta cikin ruwa. Ban tsaya ba sai da na daina jin kukan shanu.

Washegari da la'asar marata ta murɗa. A gefen wata gonar gyaɗa cikin ya zube. Na tona rami da hannu, na rufe. Lami na tsaye tana kallo. Motar auduga ce ta tsince mu a bakin titi ta kai mu Funtua.

A gida Lami ba ta yarda da kowa, har ubanta. Ta zama ƙashi da fata. Ko kwano ya faɗi, sai ta rugo ta cusa kai a ƙirjina. Kwana biyu da dawowarmu uwar mijina, Iya, ta gan ni ina ba ta nono.

"Ke Hanne, da cikin kika ba ta? Kin zubar da ɗaya, wannan ma so kike ki rasa?"

"Iya, a bari ta ɗan murmure."

"Yau za a yaye ta."

Na ji haushi, amma ni ma tsoron nake ji, ƙarfin gardama kuma babu. Iya ta jiƙa maɗaci. Ni da hannuna na shafa a nono.

Da yamma wani babur ya wuce da ƙara. Lami ta rugo kamar kullum. Ta kama, ta saki. Ba ta yi kuka ba, tun a daji ta bar kuka. Ta dube ni, ta goge baki da bayan hannu, ta koma bayan rumbu ta zauna ita kaɗai.

Ta rayu. A ɗakin Iya ta yi ƙiba, kowa ya ce Iya ta yi gaskiya. Yanzu tana aure a Danja, in ta zo har ƙasa take gaishe ni. Amma tun daga ranar, komai ya firgita ta, ba ta sake gudowa wurina ba.

Shanu bakwai aka ƙidaya ƙauyenmu ya rasa. Nawa ba wanda ya ƙidaya. Ɗaya a gefen gonar gyaɗa, ɗaya a bayan rumbu.