Faifan Kwanon Miya

Na yi shekara goma sha wani abu ina dafa wa ma'aikata abinci a wani kamfanin sabulu da man girki a bakin garin Yawunde. Na gwamnati ne a lokacin. Kullum da safe nakan fito daga gidanmu a Birik, wato unguwar Briqueterie, in bi ta layin mahauta in karɓi naman ranar, in tsaya bakin titin Tsinga in jira taksin da zai yarda ya ɗauke ni da kwandona. Direbobi ba sa son kwandon nama, wai yana ɗiga. Ni kuma ba na son direban da ke cusa mutum biyu a kujerar gaba. Haka muke haƙuri da juna.

Mu biyu ne a madafa. Abokiyar aikina 'yar ƙabilar Ewondo ce, Kirista, mace mai dariya da ƙarfi. Ina ce mata Aso, tana ce mini Mama Hausa. Miya biyu muke yi, kowacce da babban kwanonta a kan tebur. Tata tana ɗaukar duk abin da ta samo a kasuwa, ban taɓa tambayarta ba. Tawa ta naman da mahaucinmu ya yanka ce, mutumin da na san gidansa da matarsa, mijina kuma ya san sahun da yake tsayawa a masallaci. Direbobin manyan motoci da masu gadi yawancinsu 'yan arewa ne, daga Garwa da Marwa da Ngaundere, sai 'yan Birik ɗinmu. Su ne masu cin miyata.

Ba wanda ya kafa dokar faifai. Tun farkon zuwana na kawo shi daga gida ina rufe kwanona saboda ƙuda. Ranar da mahaucinmu bai samu yanka ba, ko aka kawo nama daga wani wuri saboda biki a ofis, sai in bar faifan a rataye a ƙusa, don ban so a ɗauka nawa ne. A hankali suka gane. Mutum zai shigo da yunwa, ya dubi kwano. In da faifai ya miƙo faranti. In babu ya ce a zuba masa shinkafa da mai da yaji. Sabon direba in ya zo, tsofaffi ne ke gaya masa ya riƙa duba faifan Iya, wato ni.

Sai shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, suka zo. Aka yanke albashin ma'aikatan gwamnati, kuɗi ya lalace a hannu. Mijina tela ne, kuma mutum ba ya ɗinka riga da yunwa a cikinsa. Kekensa ya koma wurin ajiye hula. Aikina ne ya riƙe gidan, da yara, da uwar mijina. Ana cikin haka aka sayar da kamfanin ga wasu Turawa da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Kalma ɗaya ta cika bakin kowa, kwamfrese, wato wanda aka sallama. Kowane ƙarshen wata sai ka ga faranti ya ragu a layi.

Wanda suka ɗora a kan madafa da sito saurayi ne Bafillace ɗan Garwa, ya yi karatu a waje. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da ladabi. Dada yake ce mini, kamar yadda suke kiran uwa. Abu na farko da ya yi shi ne ya hana sayen nama a kasuwa. Mota za ta riƙa kawo kaji daskararru cikin kwali daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, waɗanda ake ce wa konjele. Miya ɗaya ga kowa. Na buɗe kwalin farko na ga cinyoyi farare sun manne da juna, ba kai ba wuya. Na dafa, don aikina ne. Faifan na bar shi a ƙusa.

Da azahar ta yi, babban direbanmu, wani dattijo ɗan Ngaundere mai tsokana, ya leƙo.

"Iya, yau kwano ya fito ba hula?"

"Ba hula, Baba."

"Gobe fa?"

"Ka tambayi mai babbar hula a ofis."

Ya yi dariya ya karɓi shinkafa da mai. Amma ba mai tuƙa babbar mota a kan shinkafa da mai kullum. Kafin a jima suka fara sulalewa da rana, su hau taksi zuwa Birik su ci tuwo, su dawo a makare, motoci na tsaye da kaya.

Saurayin ya kira ni ofishinsa, ya ba ni kujera.

"Dada, ni ma Musulmi ne, kuma ina cin kajin nan. Ga hatimi a jikin kwalin. An rubuta yankan Musulunci ne."

A lokacin ban iya karatu ba. Sai da na yi jika na shiga ajin manya. Na ce masa, "Ɗana, in ka ci, ka ci da bakinka, ban ce ka yi laifi ba. Hatimin nan wa ya buga shi? A wane layi yake zaune?"

"Ba a tambayar haka, Dada. Kamfani ne babba."

"To ka rubuta takarda ka manna a bango, ka sa hannunka, mai so ya ci. Faifai ba ya cewa naman halal ne. Cewa yake ni na san wanda ya yanka. Ban sani ba."

Ya shafa goshi. Ya ce na sama sun riga sun ce mace biyu sun yi yawa a kan miya ɗaya, shi ne ya ce a bar ni saboda 'yan arewa ba sa ci sai daga hannuna. Yanzu ga shi ba sa ci daga hannun nawa. Na gane abin da yake nufi, bai kuma ɓoye ba.

A gida mijina bai ce in mayar da faifan ba, bai ce kar in mayar ba. Ya dubi keke, ya dubi yara. Uwarsa ce ta yi magana, ta ce faifai dai kaba ce da zare, kuma kaba ba ta rantsuwa. Na ce haka ne, Inna. Na kwana da maganar, da safe na tafi aiki na bar shi a ƙusa.

Ranar da abin ya faru an aike ni sito in karɓo man girki ana dab da buɗe ƙofa. Mai sito ya ɓata mini lokaci da neman mabuɗi. Ina dawowa na ji hayaniya irin wadda na daɗe ban ji ba, cokula suna buga faranti. Faifaina yana kan kwano. Aso tana zuba miya, idonta a ƙasa. Benci cike da direbobi da masu gadi, kowa da cinyar kaza. Dattijon nan ya hango ni ya ɗaga ƙashi.

"Iya, hula ta dawo! Allah ya saka."

Na ajiye jarkar. Na tambayi Aso a hankali wa ya sauko da shi. Ta ce shef ne, wato saurayin nan, ya ce ta ɗora. "Mama Hausa, yara huɗu gare ni, ubansu kwamfrese ne." Ban yi fushi da ita ba, har yau muna gaisawa. Ita faifai kawai ta gani.

Na ɗauki ludayi na buga gefen kwano har aka yi shiru.

"Ba ni na ɗora shi ba. Kajin kwali ne, irin na jiya. Ban san wanda ya yanka ba."

Wasu suka ture faranti. Wani saurayi ya ci gaba da ci, ya ce an riga an fara, kuma shi ya yi bisimilla. Dattijon ya ajiye ƙashin, ya goge hannu, ya ce, "Ba mu da laifi, ke ma ba ki da shi. Amma gobe in mun ga faifai, na wa za mu ɗauka?"

Na ɗauke faifan, na kwance zanin aikina na ninke a kan tebur, na je na tsaya a ƙofar saurayin. Na ce na tafi. Ya miƙe tsaye, ya ce in yi tunani, in na fita da ƙafata ba abin sallama da zan samu kamar na kwamfrese. Na ce na sani. Ya ce faifan kayan madafa ne. Na ce daga ɗakina ya fito, ya tambayi kowa.

Watannin da suka biyo baya sun yi wuya, ba zan ƙawata su ba. Babbar 'yata ta bar makaranta shekara guda. Uwar mijina ba ta gaishe ni da kyau ba har azumi. Na kafa murhu a ƙofar gida ina sayar da tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, mahaucinmu yana ba ni ƙashi da kayan ciki. Direbobin suna zuwa in hanya ta biyo da su. Na ji an sayo sabon faifai an ɗora a kamfanin, ba wanda ya kalle shi, daga baya aka rufe madafar gaba ɗaya.

Yanzu na iya karatu, nakan tsaya a kanti in karanta hatimin kwalin kaji har ƙarshe. Har yau ba a rubuta layin da mai yankan yake zaune ba. Faifan ya tsufa, gefensa ya zare, na sa an sake yi masa baki. A Birik ba mai duba shi kafin ya miƙo kwano. Ƙuda yake karewa.