Jar fitilar da Sale ya koya mini tsoro

Ƙanena Usta Sale, mai gyaran wutar mota a garinmu Wad Haddad, ya rasu shekarar da ruwa ya cinye mana dawa, damina biyu bayan na dawo hajji. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan. Ni ban yi makaranta ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da idona ya gani ba malamin da zai gyara mini.

Sale ba ya tsoron motar da ta mutu. Wadda yake tsoro ita ce mai kamawa tana saki: dinamo ya ba batir wuta yau, gobe ya hana, an kawo ta gaban usta, wato gwanin gyara, kuma ta yi lafiya lau. Yakan ce, "Yaya, wannan munafuka ce, sai tana aiki ake kama ta." Sai ya zaunar da ni gaban sitiyari in tsare jar fitilar da ke kamawa in batir ba ya samun wuta, shi ko yana taɓa wayoyi ɗaya-ɗaya da karan dawa, injin na ruri.

Da yaƙi ya iso mana, muka cika lori, mata da jarirai, muka nufi garin Dindir da rana tsaka, ni ina gaba kusa da direba. Tun daga bakin gari fitilar nan ke ƙiftawa. Muna kan gaɓar magudanar ruwa ta kama ja ta daina ƙiftawa, ga ƙarar bindiga a bayanmu. Direba ya taka birki, ya kai hannu ga makulli, na daka masa tsawa.

"Kada ka kashe ta, ɗan nan! In ta mutu ba ta tashi."

"Ya Hajja, ke usta ce?"

"Yayar usta ce. Sauka ka karyo kara!"

Ya karyo kara ya shiga taɓa wayoyi, ni ina tsare da fitila. Waya ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Da ya taɓa wadda ke bayan dinamo, fitila ta ɗauke. Ashe ƙarfe ya goge ta, sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Na yage bakin mayafina aka ɗaure, muka wuce.

Da Sale na nan, me zai ce da masu gyaran yau, da ke cire dinamo lafiyayye tun ba su tambayi waya ba? Har yanzu in na shiga mota, ba hanya nake kallo ba.

Cikin waɗanda suka san hannunsa, saura abokin aikinsa Usta Haruna, wanda ido ya tafi, da matar Sale, Ta Sallah, sai ni. Dukanmu ba mai sauran ƙarfin wani gudun.