Layi Uku a Kumatu

"Mai hoto, kar ka yaga shi!"

Wani matashin masunci ne ya riƙe min hannu, nan Gaya ta bakin kogi, farkon samun 'yancin kai. Lokacin a ɗakina nake wanke fim da ruwan kogi, ashe yashin da ke cikin ruwan ke karce shi. Sai da na koma tacewa da ƙyalle abin ya daina. Kafin nan ne nasa hoton ya fito da layi uku a kumatu, na ce mu sake.

Ya ƙura wa hoton ido.

"Babana ke nan, ga tsagarsa. Ruwa ya ci shi ina ƙarami, har na fara manta fuskarsa."

Har yau tsikar jikina na tashi. Kogin da ya ɗauke uban, shi ya dawo da shi. Jama'a, me za ku kira wannan?