Babanmu da Farin Layin Filin Jirgi

Shekara goma sha tara Babanmu ya yi yana aiki a filin jirgin sojoji, amma ko sau ɗaya bai taɓa shiga jirgi ba. Shi ba soja ba ne, mai fenti ne. Da bokiti da igiya da burushi yake zana farin layin da jirage ke bi in za su tashi. Da aka rufe filin sai ya koma rubuta allunan shaguna, har tsufa ya same shi a kai.

Bara na sayi sabuwar waya, na ba shi tsohuwar. Kwana uku yana ɗaukar hoton kyanwar gida. Ran na huɗu ya ce, "Auta, kai ni filin nan in ɗauko shi kafin ciyawa ta gama cinye shi."

Mama ta ce ƙafarta ƙafarmu. "Mutumin da ke tuntuɓe a tsakar ɗaki zan bari ya shiga kango shi kaɗai?"

Mun tarar ƙofar ta faɗi, kwalta duk ta tsattsage. Rumfar ajiye jirage ba rufi, sai tantabaru. Na zaci hoton rumfar zai ɗauka. Ina! Durƙusawa ya yi yana ɗaukar zoben ƙarfen da ake ɗaure jirgi, da famfon da suke wanke burushi, da dakalin da yake cin abincin rana a kai shi da amininsa mai walda, Allah ya ji ƙansa. Rabin hotunan da ɗan yatsansa a gefe.

Yana durƙushe kan tsohon farin layin sai ga wata mota tana tafe a hankali, wata mai koyar da tuƙi ce da ɗalibarta. Mai koyarwar ta leƙo ta gaishe mu.

"Baba, me ake ɗauka a ƙasa haka?"

"Layina," in ji shi.

Matar ta fito da sauri. "Kai ka zana shi? Shekara shida ina sa ɗalibaina su bi shi. Ya dusashe, amma ko karkata babu!"

Baba ya cire hula, ya mayar. Ita kuwa ta karɓi sitiyari daga ɗalibar, ta buɗe masa ƙofar gaba, suka miƙe kan layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mama tana ta salati, shi kuma muna jiyo shi yana cewa, "Ƙara wuta, 'yata!"

Da Asabar ta zagayo ya sa na sayo gwangwanin farin fenti, muka koma filin. Taku talatin na layin ya sabunta kafin bayansa ya ce ya isa haka. Mama ce ta riƙe masa bakin igiyar, tana mita tana gyara masa.

"Ja ta dama kaɗan, Malam. Hannunka rawa yake."

"Ke dai riƙe," ya ce, yana dariya.