Rijiyar da Mahaifiyata Ta Hana Mutane

Shekarun baya can, a shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, muna zaune a unguwar Makera a Kaduna ni da mahaifiyata. Ina aiki a wata masana'anta a Kudenda, ita kuma aikinta ɗaya ne a duniya: rijiyar tsakar gidanmu.

Bayan rasuwar mahaifina ta sa aka haƙa ta, ta ce sadaka ce Allah Ya kai masa ladan. Ƙofarmu ba ta rufuwa. Musulmi da Kirista, mai tuwo-tuwo da mai wankin mota, kowa ya zo da bokitinsa ya ja. In na yi ƙorafin an caɓe mana tsakar gida, sai ta ce, "Kai ka haƙa?"

Da ruwan ya fara wari, ba wanda ya damu. Mahaifiyata ta ce wani mai karambani ne ya zuba kananzir don kashe tsutsa, zai wuce. Bai wuce ba. Matan layi suka koyi dabara: a jefa alif, a bar ruwan ya kwana, da safe a kwashe maiƙon saman da ƙyalle, a tafasa. Ni kuwa, mai takardar sakandare a gidan, da na ga maiƙo mai kala-kala yana yawo a guga, sai na fara raɗa wa abokina cewa wataƙila man fetur ne a ƙarƙashin gidanmu. Har na fara tunanin irin motar da za ta dace da ni.

Bayan katangarmu akwai wani tsohon gidan mai da aka yi watsi da shi tun zamanin wahalar fetur. Wani Alhaji ya saye shi, ya turo masu gwajin ƙasa kafin ya yi gini. Shugabansu wani injiniya ne ɗan Sabon Tasha, dattijo mai sanyin magana. Ya yi sallama, ya nemi izinin su huda ƙasa a gidanmu.

"Ku huda, ɗana," in ji mahaifiyata. "Amma ku sha ruwa tukuna."

Ya karɓi kofin, ya kai hanci, ya riƙe shi bai sha ba. Ya ce, "Mama, wannan kuke sha?"

"Mu da layin nan duka," ta faɗa tana alfahari.

Suka murɗa wani dogon ƙarfe cikin ƙasa a gindin katanga. Da farko jar ƙasa ce ke fitowa. Da suka yi nisa sai ta koma baƙa, mai danƙo, warinta ya cika gidan har idona ya yi ruwa. Suka zuba ta a kwalabe, suka ɗebi ruwan rijiyar, suka tafi. Da suka dawo bayan 'yan makonni, injiniyan ya zauna a tabarma ya yi mana bayani dalla-dalla. Tankin da ke binne a tsohon gidan man ya yi tsatsa ya huje, mai ya daɗe yana tsiyaya yana bin ruwan ƙasa zuwa rijiyarmu. Alif ba ya cire shi, tafasawa ma ba ta isa ba. Dole a rufe. A nan motata ta mutu ban ko hau ta ba.

Mahaifiyata ta ce, "Injiniya, wato guba nake ba mutane da sunan mijina?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Mama, ba ki sani ba. Mu ma sai da muka huda ƙasa muka sani."

"Akwai wanda ya cutu?"

"Wannan kam, kwalabena ba za su iya faɗa mini ba."

Washegari na ce bari in sa kwaɗo a ƙofa in rubuta sanarwa. Ta ce ba za a kori mutanenta da takarda ba. Ta ɗauki kujera 'yar tsuguno ta zauna a bakin rijiyar, duk wadda ta shigo da bokiti ta gaya mata da bakinta, ta kuma roƙe ta gafara. Matar da ko kare ba ta taɓa hana ruwa ba, ranar ta wuni tana cewa a'a. Na kasa kallo, na shige ɗaki na yi kuka.

Maƙwabciyarmu, wata mai sayar da kunu 'yar kudancin Kaduna, ta ajiye bokitinta ta ce, "Haba Hajiya, gafarar me? Da wannan ruwan na yaye yarana." Ta faɗa ne don ta kwantar mata da hankali, amma na ga fuskar mahaifiyata ta sauya.

Aka tone tankin, aka kwashe baƙar ƙasar, mu kuma muka rufe rijiyar da siminti. Tun daga nan maƙwabciyar ke aiko mana da ruwa daga famfon cocinsu, wasu ma suka bi sahunta. Ba wanda ya taɓa gaya wa mahaifiyata baƙar magana.

Yanzu in na ga ana gina gidan mai a tsakiyar unguwa, ba farashin lita nake tunani ba, rijiyoyin maƙwabta nake tunani. Mahaifiyata ta rayu shekaru bayan haka, amma ba ta sake jin labarin rashin lafiya a layinmu hankalinta a kwance ba. Ko zazzaɓi aka ce wani na yi, sai ta kira ni gefe ta ce, "Ba ruwana ba ne ko?"

Kullum nakan ce mata a'a. Har yau ban san ko gaskiya na gaya mata ba.